Injin jirgi da ya yi aiki a teku yana zafi a kogi: yaya ake cire farar kantar da ke cikinsa?

Ɗan Gamkalle

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanku da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin jirgin ruwa. Muna da Yamaha Enduro doki 40, irin wanda ake haɗa masa esansi da mai. Na hannu ne, daga Kwatano aka kawo shi, kuma an ce masunta ne suka yi aiki da shi a teku. Yanzu yana bayan jirgin katako da ke jigilar mutane da kaya tsakanin Yamai da Bubon. In ana tafiya sannu-sannu lafiya lau. Da an ba shi wuta sosai, kafin minti goma sha biyar kan injin ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ƙarfinsa kuma ya faɗi. Fitsarinsa, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa waje don nuna ruwan sanyaya inji na tafiya, na fita amma siriri, wani lokaci ya yanke ya dawo. An sa masa sabuwar turbin, wato ƙaramar farfelar roba mai tura ruwa, a pompon ruwa, abin bai sake zani ba. Da aka buɗe ƙaramin murfin da ke saman kilas, wato kan silinda, sai ga wata farar kanta mai tauri ta cika ramin, tarmosta ma, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, ta manne a ciki.

Shawara ta yi mini yawa. Wani ya ce a ɗura masa ruwan batir, wani ya ce asid ɗin da masu karo, wato masu liƙa tayil, ke wanke siminti da shi, wani kuma ya ce in ƙyale shi, ruwan kogi zai wanke shi da kansa tunda babu gishiri. Wanne ne daidai, kuma yaya ake yi ba tare da an kashe injin ba?

Makanisiyen Katako

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai a sauke injin nan, kada a ƙara tafiya da shi a haka. Irinsa in ya sha zafi sau biyu sau uku segman, wato zobban piston, ke mannewa, piston ya goge silinda, daga nan magana ta tashi daga wanki ta koma sayen kaya.

Shawarwari ukun nan duk ka watsar. Jikin injin alminiyom ne. Asid ɗin masu karo yana cin kanta, gaskiya ne, amma ba ya tsayawa a nan, yana zarcewa cikin alminiyom, ga shi bangon da ke tsakanin hanyar ruwa da hanyar hayaƙi siriri ne kuma gishiri ya riga ya zaftare shi. Soda ta masu sabulu ma haka take yi wa alminiyom, kada wani ya kawo maka ita.

Abin da ya dace shi ne asid sitrik, farin gari ne kamar sukari, ka tambaya wajen masu sayar da kayan haɗa lemu da sabulu. Kilo biyu da rabi zai ishe ka har da saura. A kowane zagaye ka narka giram 500 zuwa 800 cikin ruwa lita 10 mai ɗumi, ɗumin ruwan wanka, wajen digiri 40. A bahon roba za ka haɗa, ba a bokitin kwano ba, don yana cin tutiyar da aka shafa wa kwanon.

Ba a tada inji a wannan aikin. Ka rataye shi a tsaye cak jikin katako mai ƙarfi, kada ya kwanta kada ya karkata, don in ya karkata ruwan zai iya bi ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda. Ka sa shi a fuwamor, wato ba ya cikin giyar gaba ko ta baya, ka kwance sandar canjin bites, ka cire bulon ɗin ƙafa, ka zare ƙafar gaba ɗaya da farfela da pompon ruwanta ka ajiye gefe. In ka leƙa daga ƙasa za ka ga wani siririn bututun jan ƙarfe yana leƙowa, shi ne ke kai ruwa daga pompo zuwa kan inji. Nan za ka zura tiyo ka ɗaure shi tam. Ka fidda tarmosta, ka mayar da murfinta da tsohon juwan, wato faifan da ake sawa tsakanin ƙarafa biyu don hana yoyo. In akwai anod a jikin kilas ko bulok, wato ɗan guntun ƙarfen nan mai launin toka da ake ɗaurawa don tsatsa ta ci shi a madadin inji, shi ma ka cire ka toshe gurbinsa da murfinsa, in ba haka ba asid zai ƙare ƙarfinsa a kansa.

Ɗaya bakin tiyon ka haɗa da ƙaramin pompo ka nutsa shi a bahon, bahon kuma ka ajiye shi daidai ƙarƙashin injin yadda duk abin da ya sauko zai koma ciki. Pompon jirgi mai bolt 12 ya fi, don batir ke tada shi. In babu, irin ƙaramin pompon da ke cikin imidifikater, na'urar sanyaya ɗakin nan mai aiki da ruwa, yana yi, amma ka duba jikinsa ka tabbata yana iya ɗaga ruwa aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma tunda wutar gida yake sha, kada hannu ya shiga bahon sai an zare shi daga wuta. Ramin fitsari ka sa masa ɗan siririn tiyo ya dawo cikin baho. Ka shimfiɗa guntun gidan sauro a bakin bahon ya riƙa tare ɓaraguzai, in ba haka ba pompo zai sake mayar da su inda suka fito.

Ka fara da ruwa zalla minti goma sha biyar, gishiri da laka su fita, ka zubar. Sannan ka sa ruwan asid. Da farko za ka ga yana dawowa da kumfa yana tsuwa, launinsa ya koma fari-fari, can ya yi toka. Ka bar shi yana zagaye awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In kumfa ta tsaya, ka jefa ɗan ɓawon ƙwai a bahon. Ɓawon ya yi kumfa, to asid na da sauran ƙarfi, kantar da yake iya kaiwa ce ta ƙare. Bai yi ba, to asid ya mutu, ka zubar ka haɗa sabo. Zagaye biyu ko uku, duka-duka kada ya wuce awa huɗu, kuma kada ka ce bari ya kwana a ciki don ya ƙara kyau. Daga nan ruwa zalla, sai ruwa lita 10 da bikarbonat giram 100 ya zagaya minti goma, sai kuma ruwa zalla sosai har ka ga yana fitowa garau.

Tabarau da safar hannu ta roba dole ne. Sitrik ba ya ƙona fata kamar na batir, amma in ya fantsama a ido za ka san asid ne.

Malamin Tawa

Salamu alaikum. Bayanin maigida na Katako ya cika ta fuskar aiki, ni dai zan ƙara dalilin, don wanda ya san dalili ba a ruɗa shi a bakin kogi.

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Mafi yawansa gishirin miya ne, wanda ruwan kogi zai iya narkarwa, kuma na tabbata ya riga ya narkar da wanda ya samu. Amma a cikin litar nan akwai kalsiyom wajen miligiram 400, shi ne mai ɓarnar. Yawancin abubuwa sun fi narkewa a ruwan zafi, shi kuwa kalsiyom kabonet akasin haka yake: ruwa na ƙara zafi yana ƙara fita daga cikinsa yana manne wa ƙarfe, abin kuma yana tsananta daga wajen digiri 60 zuwa sama. Duk wanda ya leƙa gindin butar shayi a nan Adar, inda ruwan rijiyoyi da yawa ke ratsa farin dutse, ya san kamanninsa. Sinadarinsu ɗaya da dutsen da ake haƙa a Malbaza don yin siminti, shi ya sa ruwan kogi zai shekara yana wucewa ta kansa bai rage komai ba. Shi ya sa kuma injinan da ruwan teku ke shiga cikinsu kai tsaye ake sa musu tarmosta mai buɗewa da wuri, tsakanin digiri 50 da 60, alhali ta mota sai ta haura 80. Da kanta ta fara kwanciya sai ta hana zafi ratsawa zuwa ruwa, ƙarfe ya ƙara zafi, sabuwar kanta ta hau kan tsohuwa, hanya ta yi ta ƙuntata.

Sai dai ba duk farin abu ne kalker ba, wato kalsiyom kabonet ɗin nan, kuma wannan ya kamata Ɗan Gamkalle ya gwada tun kafin ya sayi ko giram ɗaya. Ka kankaro kaɗan da bakin wuƙa ka raba biyu. Ɗaya ka sa a ruwa: in ya narke, gishiri ne. Ɗayan ka matsa masa lemun tsami: in ya yi kumfa, kalker ne, sitrik zai ci shi. In bai narke ba kuma bai yi kumfa ba, yana murmushewa kamar gari ko ya yi laushi kamar kullu in ya jiƙe, to tsatsar alminiyom ce, jikin injin ne kansa gishiri ya ci. Wannan asid mai sauƙi ba ya yi mata wani abin kirki, sai an kankare da hannu. A injin da ya daɗe a teku galibi duka ukun ake tararwa a cakuɗe, har da yashi da gutsattsarin bawon katantanwa.

Ruwan batir kuwa ga illarsa: asid sulfurik in ya haɗu da kalker yana mayar da shi jifsum, abin da ake yin filasta da shi. Jifsum ba ya narkewa sosai, sai ya rufe saman kantar ya hana asid shiga, ya bar maka abin da ya fi na farko wuyar cirewa.

Akwai masu cewa a cika tano da ruwa a zuba binega kwalba biyar a tada inji a ciki. Mu yi lissafi. Binega mai kashi 8 cikin 100, lita ɗaya tana narkar da kalker giram 65 ko ɗan fiye, mai kashi 5 kuwa giram 40 da ƴan kai. In ka watsa lita biyar cikin ruwa lita ɗari, tsamin da ya rage bai kai na kunun tsamiya ba, ga hayaƙi da mai suna gurɓata shi. Kilo ɗaya na sitrik kuwa yana ɗauke wajen rabin kilo na kalker. Binega tana da amfani a wuri ɗaya: jiƙa ƙananan kaya kamar tarmosta da murfinta, ita zalla ba a sirka ba, awa biyu zuwa uku. Akwai magungunan da aka yi musamman don wannan aikin, irin su Barnacle Buster da Rydlyme, wanda ya samu ya bi abin da aka rubuta a jikin bidon, amma ba abin da za ka tsaya jira ba ne.

Abu ɗaya game da ɗumin ruwa: kada a ce tunda ɗumi na taimakawa bari a tafasa. In ruwan sitrik ya yi zafi da yawa ko ya ƙoshi da kalker, wani farin gari yana sake fita daga cikinsa ya kwanta a hanyoyin da kake son buɗewa. Shi ya sa canja ruwan sau biyu ya fi a haɗa mai kauri sau ɗaya.

Baban Harobanda

Duk abin da malamai suka faɗa haka yake, amma ni ban yarda wankin asid kaɗai zai warkar da injin da fitsarinsa ke yankewa ba. Asid yana bin inda ruwa ke bi ne. Ramin da ya toshe ɗungurungum, ruwan zai kauce masa ya bi ta mai sauƙi, ka ga kumfa ta tsaya ka ce an gama, alhali ƙasan silinda ta ƙasa cike yake da laka mai tauri. Fitsarin ma kada a dogara da shi: a injina da yawa ana ɗebo shi ne tun kafin ruwan ya zagaya kilas, don haka yana iya fita da ƙarfi kan inji na ƙonewa.

Ni a ganina a buɗe. Murfin kilas da murfin hayaƙi da ke gefen bulok, su biyun nan su ne inda datti ya fi taruwa. In an buɗe a kankare da guntun katako mai tsini da buroshin roba ko na tagulla, ƙananan ramuka a bi su da waya mai laushi, a hura iska. Kada a sa turnabis a fuskar da juwan ke zama, rauni ɗaya ya isa ya sa yoyo. Bayan an buɗe hanyoyin da hannu sai a rufe a yi wankin da aka bayyana a sama, a nan ne asid zai kai ko'ina.

Wahalar tana wajen bulon. Ƙarfe ne a cikin alminiyom, gishiri ya haɗa su aure. Ƙananan nan masu kile 10 ba sa jure ƙarfi, da ka danna sai kan ya guntule ya bar maka saura a ciki. Tun kwana ɗaya kafin aiki a riƙa fesa musu man kwance tsatsa. A ɗora ƙarfe a kan bulon a ɗan bubbuga da guduma, a gasa jikin alminiyom ɗin da ke kewaye da shi kaɗan bayan an kawar da tiyon esansi da karbirato, sannan a juya kaɗan a mayar, a juya a mayar, har ya saki. Wanda ya ƙi yau a bar shi ya sha mai zuwa gobe. Kuma kada a fara buɗewa sai sababbin juwan suna hannu, tsofaffin ba sa fitowa lafiya.

In har an cire kilas, a ɗora masa ruler ta ƙarfe a auna. Lanƙwasar da ta wuce milimita 0,1 sai an goge shi a kan gilashi da takardar yashi mai laushi. Wajen ɗaurewa daga tsakiya ake farawa ana fita waje, a zagaye biyu, da ƙarfin da littafin injin ya faɗa.

Sannan a shirya wa wannan: wani lokaci kantar ce ke toshe ƙaramar huda da tsatsa ta yi. Da an wanke sai yoyo ya bayyana, mai inji ya ce asid ya ɓata masa kaya, alhali hudar tana nan tun a Kwatano. Bayan wanki a yi tafiyar gwaji a ciro buji a duba. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a bakinsa, ruwa na shiga silindarsa. In juwan ne da sauƙi, in farantin hayaƙi ne ya huje a canja shi.

Ka ce an sa sabuwar turbin. Tsohuwar da aka cire fukafukanta sun cika? In ɗaya ya guntule, guntun yana nan sama a maƙale, robar kuma asid ba ya cin ta. A tura ruwa ta ramin tarmosta ya fito ta bututun ƙasa, wato a juya masa hanya, sau da yawa haka yake faɗowa. A duba kuma kofin ƙarfen da turbin ke juyawa a ciki da farantin ƙarƙashinta. In yashi ya yi musu zane da farce ke kamawa, sabuwar turbin ba za ta ɗaga ruwa yadda ya kamata ba, sai an canja su tare.

Ɗan Gamkalle

Allah ya saka da alheri, iyayen gidana. Na gwada da lemun tsami, ya yi kumfa sosai, amma akwai wani mai launin toka a ƙasa da bai motsa ba. Tambaya biyu: kanwa za ta iya maye gurbin bikarbonat? Sannan tarmostar nan, wasu na cewa a jefar da ita kawai tunda ƙasarmu da zafi.

Makanisiyen Katako

Mai launin tokan shi ne abin da Baba ya ce sai an kankare, don haka ka nemi juwan ka buɗe.

Kanwa tana kashe asid, amma tana zuwa da yashi da ƙasa, kuma in ta yi kauri ita ma tana taɓa alminiyom. In ita ce a hannu, ɗan dunƙule kamar ƙwallon goro biyu a lita 10, a jiƙa ta kwanta, a tace da ƙyalle, minti biyar ya isa, a bi da ruwa mai yawa. Bikarbonat dai ba tsada gare shi ba, shi ya fi. Ruwan da aka gama aiki da shi a zuba masa sauran bikarbonat ɗin har ya daina kumfa, a zubar a rami nesa da kogi da rijiya.

Tarmosta kada ka jefar. In babu ita inji yana aiki da sanyi in ana tafiya a hankali, mai ba ya ƙonewa duka, buji na yin baƙi, ga shan esansi. Kuma ita ce ke ɗan riƙe ruwa har ya cika saman kilas. Ka jiƙa ta a binega ta fita fes, ka ɗaura mata zare ka rataya cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, kada ta taɓa gindin tukunya. Lambar da za ta buɗe tana rubuce a jikinta. Ta irin injinka tana fara buɗewa wajen digiri 50, a 60 kuma ta buɗe aƙalla milimita 3. In ba ta yi haka ba, ko ta ƙi rufewa bayan ta huce, sayi sabuwa.

Wajen mayar da ƙafa, ka shafa giris a gefen haƙoran doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela, banda samanta, ka tabbata bututun jan ƙarfen nan ya faɗa cikin robarsa a kan pompo. In ya kauce, turbin za ta yi ta watsa ruwa cikin ƙafa, sama ba ta samu ko ɗigo ba. Kuma kada a tada shi a tudu ko na daƙiƙa talatin ne, turbin a bushe nan take take ƙonewa.

Da zarar ka tsabtace shi, kalker ba zai dawo ba, ruwan kogin Isa, wato Neja, ba shi da shi sosai. Abin da za ka riƙa fama da shi yanzu shi ne laka da yashin jan ruwan damina, wajen Agusta da Satumba, sai leda da kainuwa da ke rufe ragar shan ruwa a jikin ƙafa, sai kuma lokacin ƙarancin ruwa a Mayu da Yuni da farfela ke tono yashi pompo na sha. Saboda haka turbin a duba ta duk shekara bayan damina. Anod kuma in za ka sabunta, na tutiya yana yin ɓawo a ruwan kogi ya daina aiki, ka nemi na alminiyom ko na magneziyom, kuma kada a shafa masa fenti.

Mai Dizal Saga

Gafara dai, in ɗan shigo. Namu dizal ne na cikin jirgi, shi ma daga bakin teku ya zo, amma yana da wani dogon gwangwani mai ƙananan bututai a ciki. Haka za a yi masa?

Baban Harobanda

Naka ya fi sauƙi, ɗan'uwa, don ruwan teku bai taɓa shiga bulok ɗinka ba, a cikin bututan nan kawai ya bi yana sanyaya ruwan inji. Ka zubar da ruwan inji, ka kwance murfin baki biyu na gwangwanin, ka cire anod in akwai, ka zaro damin bututan. Ka jiƙa shi a sitrik mai irin wancan haɗin, ka bi kowane bututu da siririyar sanda ta katako ko ta roba, banda ta ƙarfe don bangonsu siriri ne, har ka ɗaga shi sama ka hango haske ta kowanne. Robobin da ke baki biyun a sa sababbi, in ba haka ba ruwan kogi zai riƙa haɗuwa da ruwan inji. In ka zaɓi ka zagaya asid ba tare da ka zaro shi ba, ka cire turbin, ka kuma cire tiyon da ke zuwa gwiwar hayaƙi ka mayar da shi baho, don in ruwa ya taru a bututun hayaƙi inji na kashe zai gangara cikin silinda. Gwiwar kanta ka kwance ta ka leƙa. Abin da ke toshe ta baƙin hayaƙi ne da tsatsa, sai a kankare, in kuma bangonta ya yi laushi ko ya fara yoyo a canja ta.